Horar da Ma'aikatan Asibiti Kan Rufa Asirin Majinyata: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka zauna da masu asibitoci, ko nas-nas, ko ma'aikatan ɗakin kati aka tayar da maganar sirrin majinyata, tambayoyin da ke fitowa kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda suka fi dawowa. Dokokin da aka ambata na Najeriya ne, sai inda aka faɗi wata ƙasa.

Me ake nufi da bayanan lafiyar majinyaci? Sakamakon gwaji ne kawai?

A'a. Mutane da yawa sun ɗauka sirri shi ne gwajin ƙanjamau ko gwajin ciki, sauran kuwa hira ce. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 bai bar wannan ƙofar a buɗe ba. Ya ce duk bayanin da ya shafi mutum, da halin lafiyarsa, da maganin da ake yi masa, har da zamansa a asibitin, sirri ne. Ke nan ma'aikacin da ya koma majalisar unguwa da yamma ya ce "ai yau an kwantar da Alhaji wane a wajenmu" ya riga ya taka doka, ko da bai faɗi ciwon ba.

Suna, lambar waya, unguwa, lambar kati, hoton ƙirji, rukunin jini, yawan haihuwa da ɓarin da mace ta yi, kuɗin da asibiti ke bin mutum, duk suna ciki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ware bayanin lafiya ta sa shi cikin rukunin da ke buƙatar kulawa ta musamman, tare da irin su addini, ƙabila da zanen yatsa.

Ai likitoci da nas-nas sun koyi wannan tun a makaranta, har rantsuwa suka yi. Me ya kawo wani sabon horo?

Bi mace ɗaya da ta shigo asibiti da ƙarfe takwas na safe. Mai gadi ya tare ta a ƙofa ya tambaye ta ɓangaren da za ta. Ma'aikacin ɗakin kati ya zaro fayil ɗinta. Nas ta auna ta. Masinja ya kwashi fayiloli a hammata zuwa ofishin likita. Daga nan sai ɗakin gwaji, sai wajen biyan kuɗi, sai tagar karɓar magani. Bayan ta tafi, mai shara ta zo ta kwashe takardun da suka faɗi ƙarƙashin tebur. Ƙirga hannuwan da labarinta ya ratsa, sannan ka ƙirga nawa ne a cikinsu aka taɓa zaunar da su aka ce musu wannan amana ce. Ba su kai rabi ba.

Su ma waɗanda suka yi rantsuwar, wanda ya gama makaranta shekara ashirin da suka wuce bai yi karatu a zamanin WhatsApp ba. Babu malamin da ya gaya masa abin da zai yi idan abokin aiki ya ce "turo min hoton sakamakon in gani."

Na taɓa sayen ƙosai da safe a bakin titi, aka naɗe min shi a takarda. Sai da na cinye na lura takardar gwaji ce. Mai ya jiƙa rabinta, amma sunan matar, da shekarunta, da unguwarsu, da abin da aka auna, duk suna karantuwa tsaf. Ban yi zaton wani ya yi haka don mugunta ba. Wataƙila an ce a share sito ne, mai sharewar ya ga tsofaffin takardu, ya sayar wa masu saye a kan kilo ya samu na cefane. Laifin wa? A ganina na wanda bai taɓa gaya masa bambancin wannan takarda da tsohuwar jarida ba.

Ta ina sirrin majinyaci ya fi fita?

Ta baki. Ana yawan tsorata mutane da labarin masu kutse a kwamfuta, kuma akwai su, amma a yawancin asibitocinmu baki ya fi kwamfuta ɓarna nesa ba kusa ba.

Ma'aikaci ya leƙo daga taga ya ɗaga murya a gaban layi: "Masu karɓar maganin tarin fuka ku koma wancan benci." Mai ba da magani ya yi wa budurwa bayanin yadda za ta sha ƙwayar ciwon sanyi alhali mutum goma na bayanta sun kasa kunne. Likitoci suna zagaye a ɗakin da gado ke jikin gado, 'yan dubiya sun cika ko'ina da kulolin abinci, aka karanto tarihin mutum kaf ba a ko ja labule ba. Nas biyu a cikin A Daidaita Sahu suna hirar "wannan yarinyar ta gado na huɗu", ba su san matar da ke gefensu goggonta ce ba.

Sannan akwai abin da gini da tsari ke tonawa ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Idan kowa a gari ya san cewa ɗakin da ke bayan bishiyar darbejiya na masu cutar kaza ne, ko kuma katinsu launinsa daban, to duk wanda aka gani a wurin an gama da shi. Horo mai kyau yana sa ma'aikata su fara ganin irin wannan da idonsu, su kai wa shugabanni magana.

To in an faɗa sai me? Ai ciwo ba abin kunya ba ne.

Ciwo ba abin kunya ba ne, amma mai ciwon ne ke da ikon ya faɗa ko ya yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa mutum ke gaya wa likita abin da bai gaya wa mahaifiyarsa ba. Ya yi haka ne don a yi masa magani, ba don labari ya riga shi isa gida ba.

Illar kuwa a fili take ga duk wanda ya zauna cikin jama'a. An fasa aure saboda magana ɗaya da ta fito daga ɗakin gwaji. An saki mata. An daina sayen abincin wata. An janye yara daga wasa da 'ya'yan wani. Mai lalurar ƙwaƙwalwa da ya warke ya ci gaba da amsa sunan da aka laƙaba masa har tsufa.

Akwai kuma illar da ba a gani. Mutum ya bar asibitin da ke bayan gidansa ya hau mota zuwa wani gari karɓar maganin ƙanjamau, don kada ya haɗu da idon sani. Watan da babu kuɗin mota, babu magani. Mace ta ƙi zuwa awon ciki saboda ma'aikaciyar wurin ƙawar kishiyarta ce. Mai tari ya ci gaba da sayen magani a kemis yana yaɗa wa iyalinsa. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, sakamakon da ke iya ɗaura aure ko warware shi ya ƙara yawa a hannun ma'aikatan ɗakin gwaji, nauyin da ke kansu ma ya ƙaru.

Idan miji, ko uwar miji, ko wan majinyaci ya zo yana tambaya fa? A al'adarmu ai ba a ɓoye wa iyali.

Nan ne ma'aikata suka fi shiga tsaka mai wuya, kuma nan ne horo ya fi amfani. A wurinmu jinya ta dangi ce. Su suka kawo shi, su ke biyan kuɗi, su ke kwana a tabarma a gefen gado. Yaya za ka dubi dattijuwar da ta haife ka ka ce mata ba ruwanta?

Ba za ka ce haka ba. Abin da ake koya wa ma'aikaci shi ne yadda zai ƙi faɗa ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Misali uwar miji ta ja nas gefe:

"'Yar nan, ke ma 'yata ce. Me likita ya ce yana damun matar ɗana? Na ga wata uku ke nan tana zarya."

"Hajiya, Allah ya saka da alheri da kulawar da kike yi. Wallahi aikinmu bai ba ni damar faɗa ba, ko ke ce kika zo aka tambaye ni, haka zan rufe. Amma bari in shiga in tambaye ta, in ta yarda sai mu zauna tare da likita ya yi miki bayani."

Wannan jimlar ta tsakiya, "ko ke ce haka zan rufe", ita ke kashe wutar. Hajiya ta ji cewa nata asirin ma a rufe yake.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi majinyaci tun farko, a keɓe, ba a gaban masu rakiya ba: wa ka yarda a yi wa bayani? A rubuta amsar a fayil. Wasu za su ce a gaya wa kowa, wasu su ce mutum ɗaya, wasu su ce ko iska kada ta ji. Mace baliga mai hankali ita ke da wannan zaɓin, ko a maganar tazarar haihuwa ne. Inda kuma cutar ke iya kama abokin zama, likita da mai ba da shawara ne za su bi abin da hikima bisa doka. Ba hurumin ma'aikacin ɗakin kati ko mai goge-goge ba ne ya yanke hukunci don tausayi ya kama shi.

Akwai lokacin da doka ta yarda a bayyana?

Akwai, kuma sashe na 26 ya lissafa su: idan mai bayanin ya amince a rubuce, idan kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, idan yaro ne iyayensa ko mai riƙonsa suka nema, idan mutum ba ya cikin halin da zai iya amincewa wakilinsa ya nema, ko kuma idan yin shiru babbar barazana ce ga lafiyar jama'a. Na ƙarshen shi ya sa ake kai rahoton zazzaɓin Lassa, kwalara, sanƙarau da mashaƙo ga jami'an sa ido kan cututtuka har ya isa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC. Amma rahoto ga hukuma daban, sanarwa a Facebook daban.

Ɗan sanda da ya zo da baki kawai, ko mai gidan da mutum ke wa aiki, ko ɗan jarida, ba su cikin wannan jerin. A tura su wajen shugaban asibiti.

Muna tura hotunan sakamako a zaurenmu na WhatsApp don neman shawarar manya. Laifi ne?

Niyyar mai kyau ce, kuma ba zan yi musun cewa hakan ya ceci rayuka ba, musamman inda ƙwararren likita ke nisan kilomita ɗari. Matsalar ita ce hoton ba ya mutuwa. Yana sauka a wayar mutum talatin. Ɗaya yaransa na kallon katun da wayar. Ɗaya ya kai ta gyara kasuwar waya ya bar ta kwana biyu. Ɗaya an fizge tasa. Ɗaya ya bar aiki tun bara ba a cire shi daga zauren ba.

In ya zama dole, a rufe suna da lambar kati kafin a ɗauka, kada fuska ta fito, a tura wa mutum ɗayan da ake neman shawararsa, a goge bayan an gama. Asibiti kuma ya rubuta ƙa'ida a kan haka, kada a bar kowa da ra'ayinsa.

Bidiyon TikTok a ɗakin haihuwa, ko hoton wanda ya yi hatsari da sunan neman addu'a, ko na jariri da aka haifa da wata lalura, wannan babu wata fassara da za ta wanke shi. "Ai ban sa suna ba" ba hujja ba ce a garin da ake gane mutum da zanen atamfarsa.

Idan na duba fayil ɗin maƙwabcina amma ban gaya wa kowa ba fa?

Leƙen ma laifi ne. Dama ta buɗe fayil tana tafiya ne da aiki: kana cikin masu kula da shi, ko ba ka ciki. Sashe na 29 na dokar 2014 ya haramta shiga bayanan majinyaci ko kwafarsu ba da izini ba. Musulmi kuma ya san aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane tun kafin a ƙirƙiri fayil. Wanda ya leƙa yau, gobe idan suka haɗu da maƙwabcin a masallaci kallon da zai yi masa ya canza, shi kuma zai gane.

Asibitinmu ya koma amfani da kwamfuta. Ba aikin masu kula da na'ura ba ne su tsare ta?

Nasu ne, amma ɓarawo ta ƙofar ma'aikaci yake shigowa. A watan Mayun 2021 masu kutse suka kulle kwamfutocin hukumar lafiya ta ƙasar Ayalan suna neman kuɗin fansa, asibitoci suka koma biro da takarda, aka ɗage ganin likita da gwaje-gwaje, aka shafe watanni ana gyara. Binciken da aka yi ya gano mafarin abin: tun a watan Maris wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel da ya zo masa a imel na yaudara. A Singafo a 2018 an kwashe bayanan mutum miliyan 1.5, har da na Firayim Ministan lokacin, Lee Hsien Loong, kuma kwamitin bincike ya ambaci ƙarancin horo da jinkirin kai rahoto cikin abubuwan da suka ba ɓarayin dama. Ƙasashe ne masu kuɗi da ƙwararru. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Namu matsalolin ma ba su kai nan wahala ba. Kalmar sirri ɗaya ɗaki guda ke amfani da ita, an rubuta ta a takarda an manna a jikin allon kwamfutar. An tashi salla an bar shafin majinyaci a buɗe. Filashin da aka kwafi rajistar masu karɓar magani shi ne aka kai shagon buga takardu. Idan kowa na shiga da sunan mutum ɗaya, ranar da abu ya fita ba za a san wa ya buɗe ba, sai mai sunan ya ɗauki laifin da bai ji ba bai gani ba.

Wane hukunci ke kan wanda ya karya?

A ƙarƙashin sashe na 29 na dokar 2014, ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. Dokar 2023 ta fi cizo a kan ita cibiyar: Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, na iya cin manyan masu riƙe da bayanai tarar da ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Dokar hana tsangwamar masu cutar ƙanjamau ta 2014 tana da nata tanadin. Ga kuma hukumomin sana'a, irin su majalisar likitoci ta MDCN da ta nas-nas da ungozoma, da ke iya dakatar da mutum ko ƙwace lasisinsa.

Nijar ma tana da dokar kare bayanai tun 2017 da hukumarta HAPDP, Gana kuma tun 2012.

Wa za a horar, da wane harshe, kuma sau nawa?

Duk mai shiga asibitin da sunan aiki, daga shugaba har mai gadi, har ɗalibai masu sanin makamar aiki, da masu yi wa ƙasa hidima, da direban motar asibiti, da masu sharar da kamfani ya kawo. Manyan likitoci su ne suka fi zillewa, kuma su ƙanana ke kwaikwayo.

A yi shi da harshen da mutum ke mafarki da shi. Tara masu shara a nuna musu rubutun Turanci a bango na awa uku, a raba lemo da takardar shaida, wannan cika sharaɗi ne kawai. Kowane rukuni a ba shi misalin aikinsa. Mai gadi ya gwada da bakinsa amsar da zai ba wanda ya ce "an kawo wance nan?" Mai shara ta san kwandon da takarda mai suna ke shiga. A sa mutum biyu su yi wasan Hajiya da nas a gaban sauran. Za a yi dariya, amma ba za a manta ba.

Sabon ma'aikaci ya samu horon kafin ya taɓa fayil, ya sa hannu a takardar alkawari. Sannan a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da aka kawo sabuwar na'ura ko aka yi wani kuskure. Minti biyar a lokacin canjin aiki, sau ɗaya a mako, ya fi taron otal amfani.

Mu ƙaramin asibitin karkara ne, ba mu da kuɗin ɗauko ƙwararre.

Ku ne ma kuka fi buƙata, don a ƙauye ma'aikaci da majinyaci sau da yawa kakansu ɗaya. Kwado a ƙofar kabad, labule, matsar da bencin jira nesa da teburin ganin majinyaci, kifa rajista idan wani ya matso, ƙona tsofaffin takardun da wa'adin ajiyarsu ya cika a gaban shugaban wurin. Duk a haɗa ba su kai kuɗin man janareta na wata ɗaya ba.

Idan ma'aikaci ya yi kuskure, ya tura sakamako ga lambar da ba ita ba, ko fayil ya ɓata, me zai yi?

Ya faɗa nan take. Dokar 2023 ta ba cibiya awa 72 daga lokacin da ta sani ta sanar da NDPC idan abin na iya cutar da masu bayanan, in haɗarin babba ne kuma a sanar da su kansu ba tare da jinkiri ba. Awa 72 ba ta isa komai idan ma'aikaci ya kwana biyu yana addu'ar kada a gane.

Shi ya sa dole shugabanni su raba kuskure da ganganci. Wanda ya sayar da bayani, ko ya yi gulma da shi, a hukunta shi. Wanda hannunsa ya goce ya zo ya faɗa da kansa, in aka tozarta shi a gaban jama'a, to an koya wa sauran su yi gum.

Ta yaya shugaba zai san horon ya shiga?

Ba ta takardar shaida ba. Ya zauna a bencin jira na rabin awa ba tare da farar riga ba, ya ƙirga cututtukan mutane nawa ya ji. Ya leƙa kwandon shara. Ya sa wani ya kira lambar asibitin ya ce shi ƙanin wance ne, yana son jin sakamakonta, ya ji amsar da za a ba shi. In kuma rahoton ƙananan kurakurai ya ƙaru bayan horo, kada ransa ya ɓaci: da ma ana yin su, yanzu ne aka fara faɗa.

Ni majinyaci ne, kuma na tabbata daga asibiti maganata ta fita. Ina zan kai kuka?

Fara da shugaban asibitin, a rubuce, da rana da abin da ya faru da wanda kake zargi, ka riƙe kwafi. In babban asibiti ne nemi teburin SERVICOM, wato na karɓar ƙorafin jama'a a ma'aikatun gwamnati, ko jami'in kare bayanai. In ba a saurare ka ba, kana iya kai ƙorafi NDPC, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, magajiyar hukumar da ta fitar da kundin haƙƙoƙin majinyata na 2018, ko hukumar sana'ar wanda ya yi maka laifin. Ƙofar kotu ma a buɗe take, domin sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirri. In a waya aka yaɗa abin, ɗauki hoton saƙon da kwanan watansa tun kafin a goge.